Digirin Injiniyancin Muhalli: abin da jami'a za ta nema a wurinka daga fom ɗin JAMB zuwa furojet ɗin ƙarshe

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, tambaya ɗaya ce ke ta yawo a guruf-guruf na ɗalibai a WhatsApp da Facebook: wane ne kwas mafi sauƙi a ɓangaren injiniyanci? Kuma ba a rasa wanda zai ce a zaɓi na muhalli, wai ai shi duk maganar dasa itatuwa ce da kwashe shara. Wanda ya bi wannan shawara zai sha mamaki tun a zangon farko. Injiniyan muhalli lissafin da injiniyan gine-gine yake yi shi ma shi yake yi, sannan a ɗora masa kemistiri da ilmin ƙwayoyin cuta a kai. Shi ne mai zana tashar tace ruwan sha, mai auna faɗin magudanar da za ta ɗauke ruwan sama daga unguwa, mai tsara inda za a binne shara ba tare da ta gurɓata rijiyoyin maƙwabta ba.

Wannan rubutu na wanda ke tunanin karanta kwas ɗin a Najeriya ne, mace ko namiji, da kuma wanda ya riga ya samu gurbi yana tunanin wace kwamfuta zai saya.

Sunan kwas ɗin ba ɗaya ba ne

Matsala ta farko ita ce suna. Idan ka buɗe kundin kwasa-kwasai a shafin JAMB, da wuya ka ga muhalli shi kaɗai, galibi an haɗa shi da wani fanni. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ilorin, sashen yana amsa sunan Water Resources and Environmental Engineering, wato albarkatun ruwa da muhalli. A Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ibadan an haɗa shi da noma, Agricultural and Environmental Engineering. A Jami'ar Legas kuwa da injiniyancin gine-gine da hanyoyi aka haɗa shi. Wannan haɗi ba ado ba ne. Wanda ya shiga ta ƙofar noma zai kwashe lokaci mai tsawo kan injunan gona, ban ruwa da sarrafa amfanin gona. Wanda ya shiga ta ƙofar ruwa zai fi zama kan madatsai, bututu da tace ruwa. Saboda haka ka karanta rabin farko na sunan da kyau, don shi ne zai ci mafi yawan shekarunka.

Akwai kuma ruɗani na biyu da ya fi wannan illa. Jami'o'i da yawa suna da tsangaya mai sunan muhalli, inda ake karanta zanen gine-gine, tsara birane, safiyo, kula da gidaje da filaye, da kula da muhalli. Kwasa-kwasai ne masu daraja, amma ba injiniyanci ba ne, kuma wanda ya gama su ba zai yi rajista a matsayin injiniya da wannan digiri ba. In burinka a rubuta maka Engr. kafin sunanka, ka tabbata sashen yana cikin tsangayar injiniyanci.

Sharuɗɗan shiga

A sakamakon WAEC, NECO ko NABTEB ana neman kiredit biyar, kuma dole su haɗa da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Na biyar ɗin wani darasin kimiyya ne, kamar Bayoloji, ilmin noma, lissafi mai zurfi ko zanen fasaha, gwargwadon abin da jami'ar ta amince da shi. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada zaman jarrabawar ya wuce biyu. Wannan na nufin shawarar ta yanke tun a SS1, ranar da aka raba 'yan kimiyya da 'yan adabi. D7 a Kemistiri ba kiredit ba ne, komai kyan sauran sakamakon.

A UTME kuwa darussa huɗu ne: Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. Kuskuren da ke kashe wa ɗalibai shekara guda shi ne sa Bayoloji a madadin Lissafi ko Fiziks, don jin kalmar muhalli. Ko ka ci 300, haɗin darussanka bai dace ba, kuma tsarin ba zai duba ka ba.

Kusan duk matakan farko a wayarka suke. Da layinka za ka tura lambar NIN zuwa 55019 ko 66019 don samun lambar furofayil, kuma wannan layi ya zama naka na kanka, kada ka ari na mai shagon intanet, domin ta cikinsa saƙonni za su riƙa zuwa. Tun 2017 JAMB ke ba da gurbi ta tsarin CAPS. A nan za ka ga ko an ɗora sakamakonka na sakandare, a nan kuma za ka danna ka karɓi gurbi ko ka ƙi. Gurbin da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma rigimarsa takan taso ne can a ƙarshe, lokacin neman zuwa bautar ƙasa. Makin da JAMB ke sanarwa a matsayin mafi ƙaranci na ƙasa baki ɗaya kada ya ruɗe ka. Kowace jami'a tana da nata, sassan injiniyanci kuma sukan ɗaga nasu sama da na jami'ar, ga tantancewar bayan UTME da za ta biyo baya.

Mai ND daga foliteknik a fannin da ya dace, ko mai sakamakon IJMB ko JUPEB a Lissafi, Fiziks da Kemistiri, yana iya shiga kai tsaye a lebul 200, ya yi shekara huɗu maimakon biyar.

Yadda ake ƙirga digirin

Digirin shekara biyar ne, zango goma. Amma ba shekaru ake ƙirgawa ba, yunit ake ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne awa ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon zango, ko kuma kimanin awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. A manhajar karatu da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022, mai suna CCMAS, wanda ya shigo ta UTME sai ya ci aƙalla yunit 150 kafin a ba shi digirin injiniya. Kashi 70 cikin ɗari na darussan NUC ce ta tsara su ga kowa, sauran kashi 30 kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da yankinta. Shi ya sa ɗalibin Zariya da na Ilorin za su haɗu a yawancin darussa su kuma rabu a wasu.

A yawancin jami'o'i maki 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, sittin da wani abu B ne mai 4, hamsin da wani abu C ne mai 3, haka har zuwa F mai sifili. Ana ninka darajar da yunit ɗin darasin, a tara, a raba da jimillar yunit. Ga misali. Ka yi rajistar darussa shida masu yunit uku-uku, yunit 18 ke nan. In ka samu B a duka, ka tara 72, a raba da 18, GPA ɗinka 4.00. In kuwa ɗaya ya zama F, ka tara 60, amma da 18 ɗin nan dai za a raba, sai ka dawo 3.33. Darasi ɗaya ya sauko da kai daga matakin 2:1, wanda ke farawa a 3.50, zuwa na 2:2. Matakin farko yana farawa ne daga 4.50.

Asarar maki ma ba ita ce babbar illar F ba. Darussan injiniyanci a ɗaure suke kamar sarƙa. Ba za a bar ka ka yi rajistar lissafin injiniyanci na lebul 300 ba sai ka ci na lebul 200. Ilmin motsin ruwa shi ke buɗe ƙofar ilmin bututu da magudanai, shi kuma ya buɗe ta zanen tashar ruwa. Kuma galibi sau ɗaya ake koyar da darasi a shekara. Ke nan faɗuwa ɗaya a lebul 200 tana iya ture darussa biyu ko uku gaba, har ta kai ka ga ƙarin shekara alhali sauran sakamakonka mai kyau ne. A ganina, littafin jagora na sashe, wanda ke nuna wane darasi ne ke riƙe da wane, ya fi kowace takarda muhimmanci a makon farko. Sauke shi a waya, ka yi wa darussan da ke riƙe da wasu alama.

Abin da ake karantawa

Lebul 100 kusan maimaicin kimiyya ne mai zurfi: lissafi har zuwa kalkulas, fiziks, kemistiri, gabatarwar kwamfuta da darussan gama-gari irin su Turanci. Lebul 200 kuwa duk 'yan injiniyanci tare suke zama, su yi zanen injiniyanci, ƙarfin kayan aiki, lantarki, ilmin zafi, motsin ruwa da rubuta manhaja. Wanda ya zo da tunanin dasa itatuwa a nan yake fara tambayar kansa ko ya ɓata hanya. Sai a lebul 300 ake shiga ainihin fannin.

Ɗauki ilmin ruwan sama da kwararsa. Rufin gida mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 50, ya karɓi lita 5,000, wato jarka 200 mai cin lita 25. Yanzu faɗaɗa zuwa unguwa mai hekta goma. Ruwan ya zama lita miliyan biyar. In an shafe yawancin ƙasar da siminti da kwano har kashi 70 cikin ɗari na ruwan ba ya nutsewa, kuma duk cikin awa ɗaya ya sauka, to kusan lita dubu ce za ta riƙa isa bakin magudana a kowane daƙiƙa. Aikin ɗalibi shi ne ya fitar da faɗi, zurfi da gangaren lambatun da zai ɗauke wannan. Irin wannan lissafi, a babban mataki, shi ake yi wa madatsun ruwa da hanyoyin da suke amayar da rara. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya san wannan ba lissafin allo kawai ba ne.

Sai tace ruwan sha, irin aikin da ake yi a tashoshi kamar Tamburawa a Kano. Ana zuba alam don ƙananan ɓurɓushin laka su dunƙule, a bar su su kwanta, a bi da ruwan ta cikin yashi, sannan a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. A faɗe abu ne mai sauƙi. A jarrabawa kuwa za a ba ka yawan mutanen gari da yadda suke ƙaruwa, a ce ka fitar da girman kowane tanki da nauyin alam ɗin da za a buƙata a rana. Za ka haddace ma'aunan Hukumar Lafiya ta Duniya: kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma kuma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita.

A ɓangaren ruwan ƙazanta akwai gwajin BOD, wanda ke auna yawan iskar oksijin da ƙwayoyin halitta ke cinyewa yayin da suke ruɓar da dattin da ke cikin ruwa. Ana rufe samfurin a kwalba, a ajiye shi kwana biyar a zafin digiri 20, sannan a auna abin da ya ragu. Ba a gaggauta shi, kuma in ka yi kuskure a ranar farko sai bayan kwana biyar za ka sani. Da irin waɗannan gwaje-gwaje ake sanin abin da masana'antun jima na Challawa, Sharaɗa da Bompai ke saki, musamman sinadarin kuromiyom da ake jeme fata da shi. Ana kuma karanta ruwan ƙarƙashin ƙasa, inda ake lissafa yadda ƙazanta ke tafiya daga salga zuwa rijiya ta dokar da Bafaranshe Henry Darcy ya fitar a 1856 bayan gwaje-gwajensa da yashi a birnin Dijon.

Gurɓatar ƙasa darasi ne da arewa ta biya kuɗinsa da tsada. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, kuma yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin MSF sun ba da magani, amma maganin ba ya amfani in yaro zai koma ya yi wasa a ƙasar da ta sa masa cutar. Sai da aka kankare saman ƙasar tsakar gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman, aka shimfiɗa mai tsabta. Wannan rabin aikin na injiniyan muhalli ne.

Ita ma wayar da ke hannunka tana cikin darasin sarrafa shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Batura, allunan cikin na'urori da wayoyin da ake ƙonawa don a ciro jan ƙarfe duk suna barin guba a ƙasa da iska.

Akwai kuma doka. Bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988, Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar, sannan a 1992 ta kafa dokar da ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Hukumar NESREA ta zo a 2007. Rubuta irin wannan rahoton nazari darasi ne a shekarun ƙarshe, kuma yana cikin hanyoyin da masu wannan digiri ke cin abinci.

Wata shida a wajen aji, sai furojet

Ba a kammalawa sai da horon aiki na SIWES, wanda asusun ITF ke kula da shi. Bayan gajeren horo a bita a ƙarshen lebul 200, babban zangon yakan zo a rabi na biyu na lebul 400, kimanin wata shida a ma'aikata. Ana cike littafin aiki kullum, mai kula da kai ya sa hannu, ka dawo ka rubuta rahoto ka kāre shi a gaban malamai. Hukumar ruwa ta jiha, hukumomin raya kogunan ƙasa kamar ta Haɗejiya da Jama'are, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, kamfanonin gine-gine da masana'antu masu tashar tace ruwan ƙazanta duk wurare ne da suka dace. Ka fara nema da wuri. Wata shida a ofis inda aikinka kawai kai fayil ne zai ba ka maki, amma ba zai ba ka abin faɗa a ranar intabiyu ba.

A lebul 500 ake yin furojet, kuma yunit ɗinsa masu nauyi ne. Mutum yakan ɗebo ruwan rijiyoyin wata unguwa ya gwada, ko ya zana tsarin bututu na wani gari, ko ya ƙera ƙaramar na'ura. Masu sha'awar lantarki suna da dama a nan: allon Arduino ko ESP32 da na'urar auna ƙura ko laka a ruwa, mai turo sakamako zuwa waya, furojet ne da ake karɓa, muddin ka gwada karatun na'urarka da na ɗakin gwaje-gwaje.

Waya ta isa, ko sai kwamfuta?

A lebul 100 waya da kalkuleta irin Casio fx-991 sun wadatar. Kalkuletar dole ce, domin ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Daga lebul 200 kuwa, da zarar an fara zane da AutoCAD, sai kwamfutar tafi-da-gidanka. Ka nemi mai Windows, RAM aƙalla 8GB, 16GB in da hali, da ma'ajiyar SSD. Tsohuwar kwamfutar ofis mai ƙarfi, irin su ThinkPad ko Latitude na hannu, ta fi sabuwa mai ƙyalli da RAM 4GB. Ka duba batir sosai kafin ka biya, kowa ya san halin wutar hostel. Chromebook kuwa kada ka fara, manhajojin fannin ba sa hawa kanta kai tsaye.

Abin daɗin shi ne manyan manhajojin kyauta ne. EPANET, wadda ake kwaikwayon tafiyar ruwa a bututun gari da ita, da SWMM ta magudanan ruwan sama, hukumar kare muhalli ta Amurka ce ta fitar da su. HEC-RAS, ta nazarin koguna da ambaliya, daga rundunar injiniyoyin sojan Amurka take. QGIS ta taswira kyauta ce, Python ma haka, kuma GNU Octave tana yin yawancin abin da ɗalibi zai nema a MATLAB. Kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai lasisin shekara guda da ake sabuntawa idan ka tabbatar kana makaranta. Babu dalilin sauke manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta. Excel kuma kada ka raina ta, rabin lissafin zane a cikinta ake yi.

Wayar ma ba ta yin ritaya. Da KoboCollect ake tattara bayanan fili ko babu intanet, da QField ake ɗaukar taswirar QGIS zuwa daji, a YouTube kuma akwai cikakkun laccoci na NPTEL daga Indiya da na MIT. Sai dai GPS na waya yakan kauce da 'yan mitoci. Ya isa a nuna inda rijiya take a taswira, bai isa a auna gangaren magudana ba.

Binciken minti goma kafin ka danna karɓa

Hukumomi biyu ke tantance kwas ɗin injiniyanci: NUC ta fuskar karatu, COREN kuma, wadda aka kafa a 1970, ta fuskar sana'a. Kwas yana iya samun amincewa cikakkiya, ko ta wucin gadi, ko a hana shi. Wanda ya gama a kwas ɗin da COREN ba ta amince da shi ba zai sha wuya wajen yin rajista, wadda ake nema bayan shekara huɗu ta ƙwarewar aiki. Ka shiga shafukan hukumomin biyu ka nemi sunan jami'ar da ainihin sunan kwas ɗin, domin amincewa ta kwas ce, ba ta jami'a gaba ɗaya ba. Jami'a na iya samun cikakkiyar amincewa a injiniyancin lantarki alhali sabon sashenta na muhalli bai samu ba tukuna.

Mai tunanin fita waje zai tarar da tsari kusan iri ɗaya. A Amurka digirin shekara huɗu ne, kuma hukumar ABET ce ke tantancewa. Tana neman aƙalla kiredit 30 na lissafi da kimiyya, da 45 na darussan injiniyanci, da babban aikin zane a shekarar ƙarshe. Ga fannin muhalli kuma ta ayyana kalkulas mai zurfi, ƙididdiga, kemistiri, motsin ruwa, darasi ɗaya na kimiyyar ƙasa da ɗaya na kimiyyar halittu. A 2023 COREN ta samu matsayin mamba ta wucin gadi a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyancin juna a ƙarƙashinta. Matsayin wucin gadi bai ba digirin Najeriya karɓuwa kai tsaye ba tukuna, don haka mai neman digiri na biyu a waje har yanzu takardar sakamakonsa za a duba darasi bayan darasi, kuma lissafi, motsin ruwa da kemistiri ne za a fara nema a ciki.